Illolin sanƙarau ga ƙwaƙwalwar yara

Sanƙarau kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya ne. Ƙwayoyin bakteriya uku ne suka fi haddasa shi ga yara: meningokok, numokok da Hib. Arewacin Kamaru da Chadi suna cikin yankin sanƙarau na Afirka, inda cutar kan yi ƙamari daga hunturu zuwa ƙarshen bazara. Rigakafin MenAfriVac, da aka fara a ƙasashen biyu a 2011, ya karya lagon meningokok rukunin A, amma numokok yana nan, kuma shi ya fi barin illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira kan rayu da wata naƙasa.

Kurumta ce ta fi yawa. Kumburin yakan ratsa zuwa can cikin kunne ya lalata ƙwayoyin ji, kuma cikin 'yan makonni wurin yana iya daskarewa ya zama ƙashi. Shi ya sa ake gwada ji kafin sallama, ko cikin mako huɗu bayanta. Abin takaici, sau da yawa iyaye ba sa farga sai yaro ya kasa fara magana.

Mugunya kuma takan toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwan ya taru. Ga jariri, maɗiga takan kumbura, kai ya yi ta girma, idanu su karkata ƙasa. Ko a asibitin birnin Marwa da ke arewacin Kamaru ko na ƙauye, tef ɗin awo ya isa a gano haka idan ana auna kewayen kai duk mako ana rubutawa.

Cutar takan sa yaro jijjiga, amma ta kwanakin farko takan wuce. Wadda ta zo bayan kwana huɗu, ko ta kama ɓari ɗaya, ita ta fi zama farfaɗiya. Kumburin jijiyoyin jini yana jawo shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma harara-garke, makanta da nauyin fahimta a makaranta.

Jinkiri ne ke ƙara ɓarna. Ana fara allurar seftiriyazon, maganin kashe bakteriya, miligiram 100 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, ba tare da jiran sakamakon gwajin ruwan da ake zuƙowa daga bayan yaro ba. Deksametazon, maganin rage kumburi, miligiram 0.15 ga kilo duk awa shida, yana rage kurumta musamman a Hib, muddin an ba da shi tare da allurar farko.