Yawan homon a jini ba shi ne ƙarshen magana ba

Mutane da yawa sun ɗauka in gwaji ya nuna homon ya wadata a jini to shikenan komai lafiya, wallahi ba haka bane. Homon saƙo ne kawai, sai ya samu makarɓinsa a ƙwayar jiki ya manne masa kafin wani abu ya motsa. Elwood Jensen na jami'ar Chicago ne ya gano makarɓin istirojin, wato homon ɗin mata, a 1958, a 1986 kuma Pierre Chambon da tawagarsa a Faransa suka zaƙulo ƙwayar gadon (gene) da ke ƙera shi. Shiyasa likitoci ke fara duba ko kansar nono tana da makarɓin nan kafin su bada tamoxifen, don maganin toshe shi yake yi, in babu shi to ba abinda zai toshe.