Wai imigireshan za ta ƙwace fasfon duk wanda ya dawo daga waje saboda korona?

Wani dare a farkon 2021 Gwaggona ta kira ni hankalinta a tashe, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce ɗan nan ka ji abin da ake faɗa kuwa, wai gwamnati ta ba 'yan imigireshan umarni duk wanda ya sauko daga jirgi su karɓe fasfonsa saboda korona, wai har an fara da mutum 100 kuma an soke musu zama 'yan ƙasa. Ɗanta ne yake karatu a Sudan yana so ya zo gida, ita kuma ta riga ta ce masa ya yi zamansa kawai. Na ce Gwaggo a ina kika ji, ta ce a guruf ɗinsu na islamiyya aka turo saƙon murya. Da na duba wayata sai na tarar ni ma an turo min shi a wuri uku, kowanne da irin gishirin da aka ƙara masa, a wani ma cewa aka yi ɗaurin shekara biyar.

To maganar mutum 100 ɗin nan gaskiya ce, ba ƙage ba ne. A farkon Janairun 2021 kwamitin shugaban ƙasa kan korona, PTF, wanda Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin Boss Mustapha ya jagoranta, ya wallafa lambobin fasfo 100 na mutanen da suka shigo Najeriya suka ƙi zuwa gwajin kwana na bakwai, aka ce an dakatar da su daga tafiya waje na wata shida, daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Yuni. Lambobin fasfo aka buga, ba sunaye ba. Daga nan kuma duk abin da mai saƙon muryar ya ɗora a kai nasa ne.

Abu na farko da mutane suke cakuɗawa shi ne wa yake yin me a filin jirgi. Mu dai duk wanda muka gani da kaki a bakin ƙofa imigireshan ne a wurinmu. Alhali a lokacin korona wanda yake auna maka zafin jiki, ya duba takardar gwajinka, ya duba katin nan ruwan ɗorawa na allurar shawara, ma'aikacin lafiya ne na tashar shigowa, ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya yake. Masu tattara sakamakon gwaji su bi diddigin wanda ya kamu hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa ce, NCDC. Masu tsara ƙa'idar gaba ɗaya a lokacin PTF ne. Ita Hukumar Shige da Fice ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take, ba ta da ɗakin gwaji, ba ta sa maka tsinke a hanci, ba ita take cewa ga ƙasar da aka hana ba. Abin da yake hannunta shi ne fasfo da biza da hatimin shiga da fita, wato ƙofar. An ce rufe ta rufe, an ce wannan lambar kar ta wuce ta tare. Shi ya sa idan na ga ana ta zagin 'yan imigireshan a Facebook kan kuɗin gwaji sai in ce an bar jaki ana dukan taiki.

Haka aka yi tun 2020. Bayan an samu mai korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, Ba'italiyen nan, sai a tsakiyar Maris gwamnati ta hana shigowa daga ƙasashe 13 irin su China, Italiya, Iran, Amurka da Ingila, aka dakatar da bizar da ake bayarwa a filin jirgi, aka rufe filayen Kano da Inugu da Fatakwal ga jiragen waje, sannan Legas da Abuja ranar 23 ga Maris. Imigireshan ce ta aiwatar da ɓangarenta, har ta tsayar da yin fasfo na wani lokaci, baƙin da suka maƙale a nan bizarsu ta ƙare kuma aka tsawaita musu ba tare da tara ba. Shi kansa shugaban hukumar na lokacin Muhammad Babandede cutar ta kama shi a ƙarshen Maris ɗin bayan ya dawo daga Ingila, shi ya fito ya faɗa da bakinsa, wannan ma ga masu cewa babu cutar.

Da aka buɗe jiragen waje ranar 5 ga Satumban 2020, Legas da Abuja kaɗai, namu na Kano har farkon 2021 shiru, sai aka zo da ƙa'idar da aka yi ta rigima a kanta a lokacin. Ta shafi kowa da ya shigo ta jirgi, ɗan ƙasa da baƙo, ɗalibi da ɗan kasuwa. Ƙa'idar a farkon 2021 ita ce ka yi gwajin korona na PCR a can cikin awa 96 kafin ka taso, ka cike bayananka a shafin intanet na gwamnati, ka biya kuɗin gwaji na biyu, ka killace kanka kwana bakwai a gida, rana ta bakwai ka je a sake gwada ka. Wannan na ƙarshen shi ne mutane da yawa suka riƙa tsallakewa, mutum ya sauka ranar Laraba ranar Asabar yana wurin ɗaurin aure yana musabaha da rabin gari. Wanda ya yi gwajin nan babu ruwan kowa da fasfonsa. Wanda ya je aka same shi da cutar ma babu ruwan kowa da fasfonsa, kamuwa ba laifi ba ne, ƙin zuwa ne laifin.

Sai hukuncin da aka sa a lokacin, inda aka fi tafka ƙarya. Dakatar da fasfo ba ƙwace fasfo ba ne, littafinka yana aljihunka, babu wanda zai zo gidanka da mota ya karɓa. Lambar ce aka sa wa alama a na'urar imigireshan, ranar da ka zo fita aka ɗora shi a kwamfuta sai ta nuna, a ce maka koma gida, tikitinka kuma ya bi ruwa. Ba soke zama ɗan ƙasa ba ne, fasfo takardar tafiya ce, mutum miliyan nawa ne a ƙasar nan ba su taɓa riƙe fasfo ba kuma 'yan Najeriya ne cikakku. Baƙo shi ne nasa ya fi nauyi, shi bizarsa aka ce za a soke. Maganar ɗaurin shekara biyar kuwa ban da a bakin mai saƙon babu inda take.

Ɗauri yana nan a doka amma ba na imigireshan ba ne, kuma kotu ce take yanke shi. Tushen duk waɗannan ƙa'idojin wata tsohuwar doka ce ta killace masu cuta da Turawa suka yi tun 1926, ita ta ba shugaban ƙasa ikon fitar da ƙa'idoji lokacin annoba, da ita Buhari ya kafa kullen 2020, da ita kuma ya sa hannu a sabbin ƙa'idojin ranar 26 ga Janairun 2021 masu tilasta sa takunkumin fuska. Sashe na 5 na tsohuwar dokar ya ce wanda ya saɓa a ci shi tarar naira 200 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Naira 200 fa, ba kuskuren rubutu na yi ba. A kuɗin da fam 100 kenan tunda fam ɗaya naira 2 ya koma a 1973, lokacin kuɗi ne mai tsoratarwa, yau ko kwanon garin kwaki ba zai saya maka ba. Majalisar Wakilai ta so ta sauya dokar a 2020 da ƙudirin kakakinta na lokacin Gbajabiamila, jama'a suka yi ca a kansa ana cewa an kwafo na Singafo kuma za a tilasta allura, maganar ta kwanta. Ni a ganina wannan ne ya sa PTF ta koma kan fasfo, wanda ya iya sayen tikitin Dubai tarar naira 200 dariya za ta ba shi, amma a ce masa wata shida ba zai je sarin kaya ba, nan zai ji a jikinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, shi ne dalilin buga lambobin a fili.

Tambayar da Gwaggo ta fi damuwa da ita ita ce ko za a iya hana ɗanta shigowa. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a korar ɗan Najeriya daga Najeriya, ba a hana shi shiga, ba a hana shi fita. Dattawa za su tuna Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, da aka kwashe shi a 1980 aka ajiye a Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, kotu ta ce ba daidai ba ne ya dawo gidansa. Ko a ƙa'idar korona ta lokacin ɗan ƙasa da ya iso babu takardar gwaji ba a mayar da shi, killace shi ake yi da kuɗinsa, baƙo ne ake iya juyawa. Sai dai a aikace da wuya ma ka kai nan, don a lokacin an ce duk kamfanin jirgin da ya ɗauko fasinja babu gwaji zai biya dala 3,500 a kan kowane mutum ɗaya, to tun a can za su hana ka hawa, kai kuma ka dawo kana cewa imigireshan ta hana ka shiga ƙasarka alhali ko ganinka ba su yi ba.

Shiga kenan. Fita fa? Nan ne abin yake da ɗan duhu, don sashen da ya ce kar a hana ka shiga shi ya ce kar a hana ka fita, kuma dakatar da fasfo hana fita ne ko ta ina ka juya shi. Amsar gwamnati tana sashe na 45, wanda ya yarda a taƙaita wannan 'yancin saboda tsaro ko lafiyar jama'a. To amma in ka karanta da kyau cewa ya yi doka ce za ta taƙaita, doka mai hujja, bai ce sanarwar kwamiti a taron 'yan jarida ba. Akwai kuma shari'ar lauyan nan Olisa Agbakoba da jami'an tsaron farin kaya na SSS suka karɓe masa fasfo a filin jirgin Legas a 1992 zai tafi taro Holan, ya bi ta har Kotun Ƙoli, a 1999 kotu ta ce riƙe fasfo yana cikin 'yancin fita kuma SSS ba su da ikon karɓewa, ikon yana wurin ministan cikin gida ta hanyar da doka ta tsara. Don haka in ɗaya daga cikin mutum 100 ɗin nan ya ɗauki lauya ya tambaya wane sashe ne ya ba PTF ikon, kuma yaushe aka ji ta bakinsa kafin a hukunta shi, tambaya ce mai nauyi, ba rigimar banza ba.

Ni dai ban ce kar a hukunta masu gudun gwaji ba. Mun ga abin da mutum ɗaya ya jawo a 2014, Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da Ebola, mutum 20 suka kamu 8 suka rasu har da Dakta Adadevoh da ta hana shi fita daga asibiti, ƙofar shigowa ba wurin wasa ba ce. Abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne wanda zai faɗa cikin jerin ba da laifinsa ba. A lokacin kuɗin gwajin nan ya kai wajen naira dubu 40 zuwa 50, mafi ƙarancin albashi a ƙasar kuma dubu 30 ne a wancan lokacin. Wani abokina ɗan kasuwar Kwari ta Kano ya biya tun kafin ya taso, ya sauka Abuja ya kamo hanyar Kano, rana ta bakwai ya je ɗakin gwajin da aka tura shi suka ce sunansa bai fito a na'ura ba, ya yi ta zirga-zirga kwana uku da rasit a hannu kafin a gwada shi. Da ya yi fushi ya bari fa? A takarda shi da wanda ya tafi biki sunansu ɗaya, sun ƙi gwaji. Kuma na'urar imigireshan ba ta san uzuri ba, lamba aka ba ta.

Masu tambaya ko an buɗe boda kuma ko za a kori 'yan Nijar, ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe bodojin Seme da Illela da Maigatari da Mfum, kuma rufewar tun Agustan 2019 ce saboda fasa ƙwaurin shinkafa, korona ta zo ta tarar da ita ne. Babu wata doka da ta ce a kori 'yan Nijar saboda cuta, a lokacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su kwana 90 babu biza in dai da takardar tafiya da katin lafiya, ko da yake mai tsallakowa da babur ta bayan gari daga Maraɗi babu mai tambayarsa PCR, duk tsananin nan kan masu jirgi ya ƙare.

Na ce wa Gwaggo ta ce wa yaron ya taho abinsa, ya yi gwajinsa a Khartoum cikin kwana huɗun, ya buga takardar biyan kuɗin a kan fefa kar ya dogara da waya, ya ɗauki hoton rasit da sakamakon kwana na bakwai ya adana ko bayan ya koma makaranta. Ta ce to ai shi kenan, amma fa maganar zama a ɗaki kwana bakwai da wuya, don 'yan uwa duk sun ce za su zo tarbarsa.