Me ke fasa tayar tirelar yawon shaƙatawa, kuma wacce za a saya a madadinta?

A Amurka da Kanada iyalai da yawa suna da ɗakin kwana mai tayoyi, da gado da kicin da banɗaki, wanda suke ɗaurawa a bayan a-kori-kura su tafi hutu. Galibi a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, kuma fashewar taya na cikin abin da masu su suka fi kuka da shi.

Taya ba ta suɗe ba, zanenta raɗau, me zai sa ta fashe?

Tsufa. Tirelar nan takan shafe watanni a ajiye, rana na dukanta, nauyi ya danne gefe guda. Roba ta bushe, ta soma tsattsagewa, wani lokaci daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa ake ba da shawarar sauya tayar tsakanin shekara uku zuwa shida, ko da ba ta yi tafiyar kirki ba. Shekarunta na rubuce a jikinta. A nemi layin da ya fara da DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshe: 3221 na nufin mako na 32 na shekarar 2021. Mai sayen tayar gwanjo a ko'ina ma wannan lambar ya kamata ya fara dubawa.

To ba laifin tayoyi masu arha ba ne?

Masu tirela na yi wa wasu tayoyin da ke zuwa da sabuwar tirela laƙabi da "bam ɗin Chaina". Akwai marasa inganci, babu musu. Amma a ganina an fi ɗora musu laifin da na mai kaya ne. Taya in iskarta ta yi ƙasa, gefenta kan riƙa lanƙwashewa a kowane juyi, zafi ya taru, ƙarshe fatar sama ta rabu da wayoyin ciki. Direba kuwa yana can gaba a cikin sanyin mota, ba ya jin komai a sitiyari. Sau da yawa ƙusa ce ta huda ta tun da nisa, iska na tsiyaya a hankali, sai mota ta gefe ta yi masa hon ya duba madubi ya ga ɓallin roba na tashi. Kafin ya tsaya, fatar da ta kwaɓe ta daddaki ƙasan bodi, ta yage madigadi, ta tsinka wayoyin birki ko bututun ruwa. Gyaran wannan ɓarna ya fi kuɗin tayar nesa ba kusa ba.

Ga kuma lodi. Tankin ruwa kaɗai in ya ci lita 150, kilo 150 ke nan, ban da tukunyar gas da kayan abinci. A je sikelin manyan motoci a auna, kada a yi kirdado.

Gudu fa?

Yawancin tsofaffin tayoyin tirela iyakarsu mil 65 a awa, kimanin kilomita 105. Tayar Goodyear Endurance da ta fito a 2017 tana da izinin mil 87, amma wannan ba goron gayyata ba ne.

Wace iri za a saya?

Haruffan farkon lambar taya su ne jagora. ST tayar tirela ce zalla, gefenta da tauri don ɗaukar nauyi da rage tangaɗi. LT ta ƙananan motocin ɗaukar kaya ce. Wasu na komawa gare ta, sai dai a girma ɗaya takan gaza ST wajen ɗaukar nauyi, don haka a yi lissafi tukuna. Tayar ƙaramar mota mai harafin P, a bar ta.

Sai ajin lodi. A girman ST225/75R15, aji D na ɗaukar nauyin fam 2,540 (kimanin kilo 1,150) da iska psi 65 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), aji E kuma fam 2,830 (kimanin kilo 1,280) da psi 80. Hawa daga D zuwa E dabara ce mai kyau, muddin wili da bakin shan iska za su jure psi 80. Amma ba ya ƙara wa tirelar kanta ƙarfin ɗaukar kaya.

Ɗaya ta fashe, ita kaɗai za a sauya?

In tirelar mai tayoyi biyu ce a jere a kowane gefe, maƙwabciyarta ta ɗauki nauyin biyu ita kaɗai har aka tsaya. Ta jigata ko da ba ta nuna ba, gara a sauya su tare.

Me za a yi kafin a kama hanya?

A auna iska da geji da safe, taya na da sanyi, har da safaya. A sa na'urar TPMS mai nuna iska da zafin kowace taya a gaban direba. In an kwance wili an mayar, a tsaya bayan mil 50 a sake ɗaure notuna.