Waiwaye: masaƙar Quarry Bank, lambunta da yaran da aka ɗora wa aikin

Ranar Asabar ɗin nan muka cika bas mu 'yan ƙungiyar Hausawa mazauna Mancesta, manya da yara har da dattawa biyu, muka nufi Quarry Bank, tsohuwar masaƙar auduga da ke ƙauyen Styal can bayan filin jirgi, ko awa ɗaya ba mu yi a hanya ba. Gaskiya yawancinmu lambun ne ya ja mu, don hotunansa muka gani, ga furanni ga kogi ga wurin da yara za su yi guje-guje. Amma tun da muka dawo ba furannin ke min yawo a rai ba, shi ya sa na ce bari in ɗan waiwayi asalin wurin.

Wani ɗan kasuwar yadi ne mai suna Samuel Greg, haifaffen Belfast, ya gina ta a 1784 a bakin kogin Bollin. Abin da ya kai shi wannan kwari ruwa ne, lokacin ba lantarki, ruwan kogi ake tarewa a sako shi kan wata ƙatuwar taya, ita kuma ta juya injinan kaɗi gaba ɗaya. Har yau akwai irin tayar tana aiki, duk da dai wadda ke wurin yanzu daga wata masaƙa a Yorkshire aka kawo ta, in ka tsaya kusa da ita har a tafin ƙafarka kake jin rugugin.

Toh ruwa ya samu, amma daji ne, ina ma'aikata? Sai ya koma gidajen da hukuma ke tara marayu da 'ya'yan talakawa tun daga Libaful har Landan, yana ɗebo yara 'yan shekara tara zuwa goma da sunan 'yan koyo, a sa hannu a takarda cewa za su yi masa aiki har su kai 18 ko 21. A 1790 ya gina musu gida, wajen yara 90 ke kwana a ciki, mata sun fi yawa. Ba albashi sai ɗan kwabon aikin ƙari, abin da ake ba su shi ne ci da sutura da ɗan karatu, aikin kuwa daga shida na safe har bakwai na yamma, kwana shida a mako. Ƙananan su ke rarrafawa ƙarƙashin inji yana gudu su share audugar da ta zuba, wasu su ƙulla zaren da ya tsinke.

Mun shiga gidan. Gadajen kamar akwatin katako ne da katifar ciyawa, yara biyu a kowanne. Mai yi mana bayani ta ce kunun safe saboda kauri a tafin hannu ake ɗora musu, a nan ƙaramar 'yata mai shekara goma ta ja min mayafi ta ce "Umma, kamar ni fa suke ko?" Wallahi kai kawai na iya gyaɗa mata.

Wasu yaran sunansu ya tsira a takardu ne saboda sun gudu. Thomas Priestley, wanda inji ya cire wa ɗan yatsa, ya tsere a 1806 shi da abokinsa Joseph Sefton har Landan don yana son ganin mahaifiyarsa, bayanin da suka yi gaban alƙalai yana nan ana karantawa. Esther Price kuma ta gudu a 1836, da ta dawo aka kulle ta a ɗaki ita kaɗai tsawon mako guda.

Ban ce komai na Greg baƙi ne ba. Ya ɗauki likita, Peter Holland, yana duba yaran a zamanin da masu masaƙu ba su damu da wannan ba, matarsa Hannah ta sa ido kan karatunsu, iskar Styal kuma ta fi hayaƙin Mancesta nesa ba kusa ba. Amma ɗansu Robert Hyde Greg yana cikin waɗanda suka fi tsayawa kai da fata kan kar a rage awannin aiki. Dokar 1833 ta hana sa yaro ƙasa da shekara tara aiki a masaƙar auduga, ta 1847 ta tsayar wa mata da matasa awa goma, a wannan shekarar ce kuma aka daina tsarin 'yan koyo a Quarry Bank.

Ita kanta audugar, kaso mai yawa bayi ne suka noma ta a kudancin Amurka, dangin Greg kuma suna da gonar rake mai suna Hillsborough a tsibirin Dominica inda bayi ke musu aiki. An daɗe ba a cika zancen wannan ɓangaren ba, sai a baya-bayan nan, musamman bayan rahoton da National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, ta fitar a 2020 kan alaƙar wuraren da take kula da su da bauta da mulkin mallaka.

Sai lambun. Kyau kam ba a magana, an sassaƙe shi hawa-hawa a jikin dutse, a sama ga ɗakin gilashi da ake renon inabi saboda sanyi, gidan maigidan kuma manne yake da masaƙar, kana zaune cikin furanni tagogin ɗakunan injin suna kallonka. Ni dai da na zauna can na kasa raba lambun da gadajen katakon nan, kuɗi ɗaya ne ya yi su. Iyalan sun miƙa masaƙar ga National Trust a 1939, aka ci gaba da saƙa har 1959, gidan da lambun ƙasa kuwa sai a 2006 suka shigo hannunta, lambun sama kuma a 2010.

Labarin ya taɓo gida ma. Akokon da ya cika kasuwannin Kano ya matse wa masaƙanmu na hannu daga masaƙun wannan yanki ake kawo shi. A Mancesta aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, suka sa rai in jirgin ƙasa ya iso Kano auduga za ta yi ta kwararowa, layin ya iso a 1911, manoma kuwa suka rungumi gyaɗa. Ko masaƙar Kaduna ta farko da aka buɗe a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin nan, David Whitehead, aka kafa ta.

Ɗaya daga cikin dattawanmu ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Kakuri da ke Kaduna. Da aka kunna injin saƙa don mu gani, ƙara ta cika ɗakin, yara suka toshe kunne, shi kuwa ya matsa har bakin shingen yana bin ƙoshiya da ido. Na ce "Baba, a fita ne?" Ya ɗaga min hannu alamar in dakata, sai da aka kashe injin sannan ya ce irin wannan ya fara koyo a kai, a ɗakinsu ma da hannu suke magana don ba mai jin wani.