Karatun Gaba da Digiri a Fannin Ilimin Manya da Raya Al'umma

Ilimin manya da raya al'umma fanni ne na nazari a jami'a wanda ya shafi yadda baligi ke koyo, da yadda ake shirya masa karatu a wajen tsarin makarantar boko da aka saba, da kuma yadda jama'ar gari ke amfani da ilimi wajen gyara zamansu. Karatun gaba da digiri a fannin shi ne wanda ake yi bayan digiri na farko, wato babbar difloma, da digiri na biyu, da na uku wanda ake kira digirin digirgir. A Bauchi da Gombe, kamar sauran jihohin Arewa, sunan da ya fi zama a bakin jama'a shi ne "yaƙi da jahilci", kuma wannan suna ne ya sa mutane da yawa ke zaton abin bai wuce koya wa tsofaffi abacada ba. Ya wuce nan nesa ba kusa ba. Horar da manoma, da koya wa mata sana'a, da karatun fursunoni, da na makiyaya, da wayar da kai kan lafiya, da ƙarin ilimi ga ma'aikacin da ke bakin aiki, duk a ƙarƙashinsa suke.

Asali

Koyar da manya ya girmi jami'o'in da ke nazarinsa. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana horar da mata jagorori da ake kira jaji, ta ɗaura musu malfa, su koma ƙauyukansu suna koyar da mata ta hanyar waƙoƙi cikin Hausa da Fulatanci. Makarantun zaure, inda magidanci ke ɗaukar littafi gaban malami bayan asuba ko bayan magariba, su ma ilimin manya ne tsantsa, kuma har gobe suna raye a unguwannin Bauchi, Azare, Misau, Gombe da Dukku.

A matsayin darasin jami'a kuwa, a Amurka ya fara kafuwa. Jami'ar Kolambiya da ke Niyok ta ba da digirin digirgir na farko a fannin a 1935. Hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kira babban taron duniya na farko kan ilimin manya a Denmak a 1949, ana ta maimaita shi bayan kowace shekara goma sha wani abu, har zuwa na bakwai da aka yi a Marakesh ta ƙasar Maroko a 2022. UNESCO ce kuma ta ware 8 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da jahilci ta duniya.

A Najeriya, Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe sashen koyarwa a wajen harabarta a 1949, daga nan ne sashen ilimin manya na jami'ar ya samo tushe. An kafa majalisar masana ilimin manya ta ƙasa a 1971, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba fannin babi nasa na kansa, gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da jahilci na ƙasa a 1982, sannan doka mai lamba 17 ta 1990 ta kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin manya. Shekara guda kafin nan an kafa hukumar ilimin makiyaya mai hedikwata a Kaduna.

Bauchi tana da rabo babba a wannan tarihi, ko da yake ba kasafai ake kawo shi a aji ba, abin da bai dace ba. A farkon shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin waɗanda suka raya Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e ke zama suna muhawara kan haraji da mulki da makomar ƙasa. Babu allo, babu jarrabawa, amma manya ne ke ilimantar da juna kan abin da ya dame su, kuma ma'anar fannin ke nan a tsagwaronta. A watan Agusta 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa na gyara mulkin En'e a majalisar Arewa, ya kuma nanata buƙatar wayar da kan talakawa. A shekarun da suka biyo baya ne gangamin Yaƙi da Jahilci ya bazu a lardunan Arewa, ana buga ƙananan littattafai da jaridu a Zariya domin sababbin masu karatu. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tata a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wasu jihohi suka bi sahu. A yau Bauchi da Gombe, wadda aka cire daga Bauchi a 1 ga Oktoba 1996, kowacce tana da hukumarta, da jami'ai a ƙananan hukumomi 20 na Bauchi da 11 na Gombe.

Matakan karatu

Babbar difloma kan ɗauki shekara guda. Ta fi dacewa da wanda ya yi digirinsa a wani fanni, misali aikin gona ko nazarin addinin Musulunci, sai aiki ya kai shi ga koyar da manya. Digiri na biyu kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ga mai karatu na cikakken lokaci: zango biyu na darussa, sai rubuta kundin bincike da kare shi gaban malamai har da mai jarrabawa daga wata jami'a. Digirin digirgir ba ya kasa shekara uku, kuma galibinsa bincike ne. Yawanci ana neman digiri na farko mai daraja ta biyu, da kiredit biyar na sakandare, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa.

Jami'o'in Arewa da suka yi suna a fannin sun haɗa da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Kowacce tana da sashe na musamman, kuma sunan sashen kan haɗa ilimin manya da hidimar al'umma ko faɗakarwa. Ɗalibi daga Bauchi ko Gombe ya fi samun Kano da Maiduguri kusa. Mafi yawan irin waɗannan ɗalibai ba yara ba ne. Malaman kwalejojin ilimi ne, irin na Azare da Kangere da Gombe, ko ma'aikatan hukumar ilimin manya, ko na ƙungiyoyin agaji, masu iyali da albashin da ake jira ƙarshen wata. Malaman manyan makarantun gwamnati kan nemi tallafin TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Sauran kuwa daga aljihunsu ko adashe.

Abin da ake koyarwa

Jigon darussan shi ne bambancin baligi da yaro wajen koyo. Masanin nan na Amurka Malcolm Knowles ya yaɗa kalmar "andaragoji" a wajajen 1970 domin wannan ilimi, ko da yake wani malami Bajamushe, Alexander Kapp, ya riga shi amfani da ita tun 1833. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne: babba yana zuwa aji da abin da rayuwa ta koya masa, yana son sanin dalilin abin da za a koya masa, yana neman abin da zai yi masa amfani yau ba sai bayan shekara goma ba, kuma ba ya jure raini. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ajin matan aure da la'asar ya san gaskiyar wannan. Matar da ta aurar da 'ya'ya, idan malami ya daka mata tsawa don ta juya harafin "b" ya koma "d", ba za ta ce uffan ba, amma gobe ba za a ga ƙeyarta ba. Shi ya sa a fannin ake fifita kiran malami mai jagorancin koyo, ba mai zuba ilimi a kan wasu ba.

Masani na biyu da ba a tsallakewa shi ne Paulo Freire na Barazil, wanda a 1963 ya jagoranci koya wa ma'aikatan karkara kimanin 300 karatu cikin 'yan makonni a garin Angikos. Dabararsa ita ce a tsamo kalmomin darasi daga bakin masu koyo, a tattauna abin da ke bayan kowace kalma kafin a rubuta ta. Da a Kaltungo ko Ningi ne, kalmomin za su iya zama taki, rijiya, bashi, awo. Mai koyon rubuta "bashi" yana kuma koyon lissafin buhu nawa zai biya da kaka kan wanda ya karɓa da bazara. Daga wannan tunani ne ƙungiyar agaji ta ActionAid ta fitar da tsarin koyarwa mai suna Reflect a shekarun 1990, inda mahalarta ke zana taswirar ƙauyensu a ƙasa da tsakuwa da kara kafin su koma takarda.

Sauran darussa sun haɗa da tsara manhaja, da gudanar da cibiyoyi, da koyarwa daga nesa ta rediyo da wayar hannu, da ilimin mata, da ƙididdiga da dabarun bincike. A ɓangaren raya al'umma ana nazarin yadda ake gano buƙatar gari tare da mutanen garin, da yadda ake shiga ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi da limami ko fasto, da yadda tsohuwar al'adar aikin gayya ke zama ginshiƙin gina aji ko yashe magudanar ruwa.

Akwai wata matsala da ɗalibin wannan yanki ya fi kowa cancantar ya yi zurfi a kanta, ita ce wa ake kira jahili. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da lissafin kasuwancinsa da ajami, takardar ƙidaya za ta iya saka shi cikin marasa karatu don kawai bai iya boko ba. Wannan kuskure ne a ilimance, kuma cin fuska ne da ke korar mutane daga aji. Wanda ya iya ajami ya riga ya gane cewa alama a takarda tana ɗauke da sauti, ya saba riƙe alƙalami, ya san zaman karatu. Abin da ya rage masa sabon salon rubutu ne kawai, kuma haƙƙinsa ne a fara da shi daga inda yake. Haka batun harshe. Hausa ce harshen kasuwa a jihohin biyu, amma akwai Bafulatanar ruga, da Batangaliya a Ɓilliri, da masu jin Waja da Tera da Bolanci, da Sayawa da Jarawa, waɗanda harshen gidansu daban ne. Ko a fara musu da harshen uwa ko da Hausa, da kuma lokacin shigo da Turanci, tambayoyi ne da ke buƙatar bincike a filin aiki, ba hasashe daga ofis ba.

Bincike da aiki

Tsarin karatun manya a Najeriya yana da matakai: matakin farko na koyon karatu da rubutu da lissafi, sai na biyu mai ƙarfafa abin da aka koya har ya kai darajar kammala firamare, sai ci gaba zuwa sakandare ko sana'a. Kundayen bincike da yawa suna tsayawa ne kan matakin farko, suna auna ra'ayin mahalarta da takardar tambayoyi. Akwai rauni a nan, domin miƙa wa wanda bai daɗe da fara haɗa baƙi ba takarda mai tambaya talatin da Turanci ba ya fito da abin da ke ransa. Hira baki da baki, da zama cikin aji na tsawon watanni, da bin sawun waɗanda suka daina zuwa har gida a ji dalilinsu, sun fi wahala amma sun fi faɗin gaskiya. Abin da ya fi ƙaranci shi ne bibiya: shekara biyu bayan karɓar takardar shaida, mutum nawa ne ke iya karanta saƙon waya ko takardar asibiti? An daɗe da sanin cewa wanda bai samu abin karantawa ba karatun kan zube masa.

Masu wannan digiri kan yi aiki a jami'o'i da kwalejojin ilimi, da hukumomin ilimin manya da na makiyaya, da hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta wadda aka kafa a 2023, da shirye-shiryen bunƙasa noma, da gidajen gyaran hali, da gidajen rediyo, da ƙungiyoyin da ke aiki da 'yan gudun hijirar da rikicin Arewa maso Gabas ya koro zuwa Gombe da Bauchi.

Cikas ɗin da suke tararwa sanannu ne. Kason ilimin manya a kasafin kuɗi ƙarami ne idan aka kwatanta da na makarantun yara. Malaman ajujuwan galibi na wucin gadi ne, alawus ɗinsu kaɗan, wani lokaci ma ya makara. Da damina ta kankama aji kan watse, kowa ya nufi gona, don haka cibiyoyin karkara da suka san aikinsu kan tsara karatu daga bayan girbi zuwa faɗuwar ruwan farko, ajin mata tsakanin azahar da la'asar, na maza bayan isha'i.