Waiwaye: Yadda maganin mura ya shiga jerin kayan da ake sa wa ido

Da hunturu ya kankama a Birnin Kebbi, kemis ba ya rabo da masu mura. Mai shago ya ɗauko falle, ya sa almakashi ya yanke ƙwaya biyu, ya miƙa. Wasu daga cikin magungunan nan na ɗauke da sudofedirin, mai buɗe toshewar hanci. Shi da ɗan'uwansa efedirin su ne ake dafawa a fitar da metamfetamin, ƙwayar maye wadda matasa ke ce wa "ais", Ibo kuma ke kira mkpuru mmiri.

Abin ya daɗe. Tun 1893 wani masanin Japan, Nagai Nagayoshi, ya fitar da ita daga efedirin. Sai a 1988 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a Biyana, wadda ta ce a riƙa bibiyar sinadaran haɗawa, ba ƙwayar kaɗai ba. Najeriya ta kafa NDLEA a 1989, NAFDAC ta biyo baya a 1993, kuma a hannunta ake karɓar izinin shigo da irin waɗannan kaya.

Amurka ce ta gangaro da dokar har kan tebirin mai sayarwa. Daga 2006 aka mayar da maganin bayan kanta. Mai saye zai nuna katin shaida, ya sa hannu a littafi, kuma ba zai wuce giram 3.6 a rana ko giram 9 a kwana 30 ba. Ƙananan masu dafawa a gida sun ragu. Meziko ta haramta sudofedirin gaba ɗaya a 2008, sai manyan dillalai suka koma wani sinadarin da ake kira P2P. In ka iya ruwa ba ka iya taɓo ba.

Mu nan mun ɗauka mashiga ce kawai ƙasarmu, har 2011 da aka gano wurin dafawa na farko a Legas. A 2016 NDLEA ta kama babba a Asaba, da 'yan Meziko huɗu a ciki. Masu irin wannan masana'anta ba falle suke saye a kemis ba. Buhu suke nema, wanda ya shigo da takardar kamfanin magani sannan ya ɓata a hanya.

Shi ya sa nake ganin tsarin Amurka ba zai zauna daidai a Jega ko Argungu ba. Tsohuwar da ta aiko jikanta da naira ɗari biyu, wane kati zai nuna? Mun kuma ga abin da ya biyo bayan hana maganin tari mai kodin a 2018: ya bar kanta, ya koma lungu da tsada. Dokar 2022 ta ƙara wa PCN, hukumar da ke kula da sana'ar haɗa magani da sayar da shi, iko a kan masu kemis, hakan ya yi, amma aikin yana tashar jiragen ruwa da littafin kamfanin da ya shigo da kayan: nawa aka ba shi izini, nawa ya zama magani.

Sai iyaka. Kebbi na da Nijar ta Kamba, da Benin ta Tsamiya, ga kogi da kwalekwale, ga hanyoyin babur da ba su da shinge. Jami'in da ke tsaye a can ba shi da saurin gane farin gari a buhu in ba da kayan gwaji a hannu ba.