Canjin filtar gas a Hilux da sauran a-kori-kura: tambayoyi da amsoshi

Me filtar gas take tarewa?

Datti da ruwa, kuma ruwan ya fi ɓarna. Injin Hilux irin 2KD ko 2GD yana tura gas cikin injekta, wato na'urar da ke fesa shi cikin injin, da ƙarfin matsi da ya haura bar 1,000, ta ƙofofin da ido ba ya gani sosai. Gas ɗin shi ne kuma maiƙon famfo da nozul. Ruwa na shiga sai tsatsa da gogayya, kuɗin injekta ɗaya kuwa ya ninka na filta sau da yawa. Da yake ruwa ya fi gas nauyi, yakan kwanta a gindin filtar, inda akwai ɗan marfin tsiyaye shi.

Yaushe zan canza?

Littafin motar ya faɗi nasa lissafin, amma bai san ƙurar hunturun hanyar Jibiya ba, balle gas ɗin jarka da durom da direba kan saya in dare ya yi masa tsakanin Daura da Mai'aduwa. A ganina, mai shiga ƙauye kada ya wuce kilomita 10,000. In mota ta fara shaƙewa a hawa, ko tana wuyar tashi da safe, ko fitilar filta ta kama, kada a jira lissafi.

Yaya ake yi?

A kashe mota, a goge kewayen filtar kafin a kwance komai, a tara kwano a ƙasa. A zare soket ɗin na'urar gane ruwa, a cire tsohuwar filta. In a jikin filtar na'urar nan take, ana mayar da ita kan sabuwar, da sabuwar robar zobe. A shafa wa robar ɗan gas, a ɗaure da hannu, ba da ƙarfin sifana ba. Wasu motocin filta biyu gare su, ɗaya kusa da tanki ɗaya a gaba, tare ake canza su.

Na canza, mota ta ƙi tashi. Me ya faru?

Iska ce. A saman gidan filtar Hilux akwai famfon hannu: a yi ta dannawa har ya yi tauri, sannan a buga kik. Masu famfon lantarki, a murɗa makulli a bar shi daƙiƙa 30 ba a tayar ba, sau uku ko huɗu. Yawan buga kik batir yake cinyewa, famfo kuma yana juyi a bushe. Dabarar sassauta bututun injekta don fitar da iska ta tsofaffin injuna ce. A na zamani gas ɗin da zai feso na iya huda fatar hannu.

Bakanikena yakan cika sabuwar filta da gas kafin ya ɗaura. Laifi ne?

Sauƙi yake nema, Malam, amma wani ɓangaren gas ɗin da ya zuba zai wuce zuwa injin ba a tace shi ba. Famfon hannu ya wadatar.

In wanke tsohuwar da fetur fa?

A'a. Takarda ce a ciki, wanki da hura iska yaga ta suke yi, sai ta koma rariya.